Ƙullin Wiwi a Aljihun Ɗanki: Gidan Yari ko Asibiti?

'Yan uwanmu na Batsari da Safana da ƙauyukan bakin Dajin Rugu, yaya muka ji da haƙuri? Allah Ya zaunar da mu lafiya.

Yau zan taɓo maganar da yawancinmu ba mu son a yi ta a gabanmu, wato tabar wiwi. Na san da jin sunan kawai wata za ta ce, "A'uzu billahi, ba dai a gidana ba." Allah Ya sa haka. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, domin lokaci zuwa lokaci saƙo yakan zagaya a WhatsApp cewa 'yan majalisa za su halasta wiwi a Nijeriya. Sai hankalinmu ya tashi, mu yi ta tsinuwa, mu tura wa na gaba, ba tare da mun san ainihin abin da ake tattaunawa ba. Alhali a cikin maganar akwai ɓangaren da ya shafi ɗanki kai tsaye, ko da bai taɓa sha ba, domin yana da abokai, yana hawa babur, yana zama a majalisa.

Abin da ya sami wata 'yar uwata

Akwai wata 'yar uwata da tashin hankali ya koro daga ƙauyensu zuwa cikin garin Batsari. Ɗanta na fari yana da shekara 19 a lokacin. A ƙauye tun asuba yake bin mahaifinsa gona. Da suka dawo gari gona ta gagara zuwa, makaranta an daɗe da bari, sai ɗan dako ranar kasuwa da zaman bakin titi sauran kwanaki. Wata rana aka kai samame inda suke zama, aka sami ƙulli biyu na wiwi a aljihunsa.

Ta kira ni tana kuka tana cewa, "Yaya, wallahi ban san yana sha ba. Mi zan yi yanzu?" Ta sayar da awakinta biyu da keken ɗinkin da take rufa wa kanta asiri da shi, saboda kuɗin mota zuwa Katsina da kuɗin abincin da ake kai masa da na masu cewa za su taimaka. Ya yi watanni a tsare kafin maganar ta ƙare.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya dawo. Ya tafi yaro mai kunya wanda ya fara ɓata, ya dawo ya san sunan kowace ƙwaya da farashinta, yana da lambobin mutanen da bai kamata ya sani ba. Shan da aka kama shi dominsa bai bari ba, don babu wanda ya yi masa magani. Yarinyar da ake maganar aurensu kuwa iyayenta suka ce a bar zancen.

Ban kawo wannan don in wanke shi ba. Ya yi laifi, kuma shi ma ya sani. Tambayata ita ce: da aka gama, wa ya ci riba? Uwar ta talauce, yaron ya ƙara lalacewa, wanda ya sayar masa da ƙullin kuma yana nan yana cinikinsa.

Magana uku ce, kada a haɗe miki su

Idan kika ji ana gardamar wiwi a rediyo, abu uku ne ake cakuɗawa.

Na ɗaya, halasta ta gaba ɗaya, a saya a sha kamar sigari. Haka aka yi a Kanada a 2018.

Na biyu, a ba wasu kamfanoni lasisin nomanta don haɗa magani ko sarrafawa a masana'antu, amma sha ya ci gaba da zama laifi. Lesoto ta fara haka a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021.

Na uku, a bar ta a matsayin haramtacciya, a ci gaba da tsananta wa mai noma da mai safara da dillali, amma wanda aka kama da ɗan abin da zai sha a sassauta masa hukunci: maimakon shekaru a gidan yari, a tura shi magani ko aikin gayya na hukunci ko tara.

Na ɗaya ba na goyon bayansa ko kaɗan. Na biyu maganar 'yan kasuwa ce da likitoci. Na uku shi ne namu, mu iyaye mata, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Me doka ta ce a yau?

Wataƙila ba ki taɓa jin tsananin dokar ba. Dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba, kuma kotuna sun sanya wiwi a cikinsu. Mai shigowa da su ko sayarwa kuwa yana iya samun ɗaurin rai da rai. Akwai kuma tsohuwar dokar wiwi da har yanzu ba a soke ba, wadda ta tanadi aƙalla shekara 4 ga mai sha. Shari'ar miyagun ƙwayoyi ta Babbar Kotun Tarayya ce, shi ya sa uwa daga Runka ko Ruma sai ta yi ta zarya zuwa Katsina.

Gaskiya ne a aikace alƙalai sukan yanke ƙasa da haka, wani lokaci har da zaɓin tara. Ita ma NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, ba kowa take kaiwa kotu ba. Amma ki lura, wannan sassauci ne na wanda yaron ya faɗa hannunsa, ba haƙƙi ne da doka ta rubuta masa ba. Mai gata zai sami lauya, ya sami beli, ya kwana a gida. Ɗan gudun hijira sai yadda ta yiwu. Ga shi kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba.

Tarihin dokar ma abin dubawa ne. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da shekara 10 ga wanda aka kama da ita. A 1975 aka cire kisan, aka rage hukuncin mai sha ƙwarai. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake tsanantawa, har a Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar miyagun ƙwayoyi. Sannan aka kafa NDLEA a 1989.

To bayan duk wannan, ina muka tsaya? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ake kira rahoton 2018, ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Daga ciki miliyan 10.6 wiwi suke sha. A yankinmu na Arewa maso Yamma kusan mutum miliyan 3 ne. Kuma cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Don haka ba maganar 'ya'ya maza kaɗai ba ce.

Ki yi lissafi da kanki: mutum fiye da miliyan goma, gidajen yarin ƙasar nan duka kuma ba su riƙe da ko dubu ɗari. Dokar da ba za a iya zartar da ita a kan kowa ba, a kan marar gata take ƙarewa.

Me ake yi a Majalisa?

A watan Mayun 2019 marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya je ƙasar Tailan ya dawo yana kiran a ba da damar noman wiwi don magani, kasancewar jiharsa na cikin inda aka fi nomanta a ɓoye. A 2020 'yar majalisa Miriam Onuoha daga Imo ta gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai, shi ma Benjamin Kalu daga Abiya ya kawo nasa. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya kama aiki a Janairun 2021, ya fito fili ya ce bai yarda a halasta ba. A watan Maris na 2023 maganar ta zo zauren majalisa, 'yan majalisa da dama suka yi mata ca, aka jingine ta.

Abin da na lura da shi a muhawarar shi ne, yawancinta ta tafi ne a kan lasisi da man wiwi da kuɗin da ƙasa za ta samu. Yaron da aka kama da ƙulli biyu bai sami mai tsaya masa sosai ba.

Daga nan sai iska ta juya. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar NDLEA da ya tanadi hukuncin kisa ga masu safara. Da majalisun biyu suka zauna daidaitawa, aka tsaya a kan ɗaurin rai da rai. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi rattaba hannu, ba don hukuncin ba, sai don wani sashe da zai ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwato daga masu laifi.

Wannan na nufin dokar abu ce da ake taɓawa, ba dutse ba ce. Duk lokacin da aka buɗe ta don gyara, dama ce ta a raba hukuncin mai sha da na mai sayarwa a rubuce.

Kiran ma ba daga Turawa ya fara zuwa mana ba. A 2014 wani kwamitin Afirka ta Yamma kan miyagun ƙwayoyi, wanda marigayi Kofi Annan ya assasa, tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya jagoranta, ya ba da shawarar a daina ɗaukar mai sha a matsayin mai babban laifi, a ɗauke shi marar lafiya, a mayar da ƙarfi kan manyan masu safara. A 2018 kwamitin ya fitar da samfurin doka don ƙasashen yankin su duba.

Yadda ta kaya a wasu wurare

Gana ta yi sabuwar doka a 2020. A da, wanda aka kama yana sha shekaru yake yi a kurkuku. Yanzu tara ake ci. Wiwi ba ta halasta ba, mai safara kuma yana nan da hukuncinsa mai tsanani. Sai dai akwai darasi: wanda ya kasa biyan tarar yana iya ƙarewa a gidan yari. Wato idan tara ce kawai, mai kuɗi ya biya ya tafi, talaka ya shiga.

Fotugal ta fara tun 2001. Wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, ba kotu ake kai shi ba, gaban wani kwamiti ake kai shi mai masanin doka da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, su duba ko magani yake buƙata. Amma sun zuba kuɗi sosai a asibitoci da wuraren gyara, shi ya sa abin ya yi musu amfani.

Ga kuma inda aka yi tuntuɓe. Jihar Oregon a Amurka ta cire hukuncin laifi kan ƙananan ƙwayoyi bayan ƙuri'ar 2020, alhali wuraren magani ba su wadata ba. Mutane suka riƙa sha a fili a kan titi, jama'a suka koka, a 2024 aka dawo da hukuncin. Tailan ma da ta sake wa wiwi mara a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Darasin a fili yake. Sassauci ba tare da magani ba sakaci ne. Ɗauri ba tare da magani ba kuma, kamar wanda ya share ɗaki ne ya tura sharar ƙarƙashin gado.

To, mu da ke bakin daji fa?

Na san abin da ke ranki, domin ni ma yana raina. Za ki ce, "Mu da muka ga abin da 'yan bindiga suka yi a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, mu da muka san a buge suke zuwa, mu za a ce a sassauta wa 'yan wiwi?" Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Kowa a yankin nan ya san ƙwaya da wiwi na cikin kayan da ake kai wa mutanen daji, tare da mai da abinci. Wanda ke ɗaukar wannan kaya a babur ya shiga da shi daji, yana da hannu a jinin mutane. Ba shi nake nema wa sassauci ba. A ƙara masa ma.

Amma ki duba ta wannan fuskar. Su wa mutanen daji ke nema su zama masu kai musu rahoto da saƙo? Matashin da ba shi da gona, ba shi da sana'a, gari ya sa masa suna "tsohon fursuna", ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi mata. Ko aikin soja ko ɗan sanda ya nema, za a tambaya ko an taɓa yanke masa hukunci. Idan muka rufe masa kowace ƙofa, ƙofar daji a buɗe take. Yaron da aka haɗa ɗaki ɗaya da ɓarayin shanu da masu garkuwa na tsawon watanni, makaranta aka sa shi, kuma ba irin wadda muke so ba.

Sannan jami'an da muke da su ba su da yawa. Ko da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ƙauyukanmu ba su wadatu da tsaro ba. Duk lokacin da aka ɓata a kan yaro mai ƙulli biyu, lokaci ne da ba a bi mai buhu ba.

Kada kuma mu yaudari kanmu

Akwai masu cewa wiwi ganye ne kawai, ba ta da illa. Ƙarya ne, kuma ki gaya wa ɗanki haka. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi kuma yana taɓa hadda da natsuwa da tunani. Masana lafiya sun ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin goma masu shanta yakan kamu har ya kasa bari, idan kuma tun yana ɗan saurayi ya fara, ya zama kusan ɗaya cikin shida. Tana kuma ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga mai sha kullum da wanda ake da ciwon a danginsu. Ga shi yaranmu ba ita kaɗai suke sha ba, suna haɗawa da tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi tun Mayun 2018.

Saboda tana da illa ne ma nake cewa magani ya kamata a sa a gaba. Ciwo ba ya jin bulala.

A addinance kuwa babu gardama, malamai sun haɗu a kan haramcin shanta don maye. Inda magabata suka saɓa shi ne irin hukuncin. Ibn Taimiyya yana ganin a yi wa mai shanta haddi kamar mashayin giya. Malamin Malikiyya Al-Ƙarafi kuwa yana ganin ta'aziri ne, wato horon da alƙali zai auna gwargwadon hali. Ko wanne aka ɗauka, horo ne da ake yi a gama, mutum ya koma cikin iyalinsa ya tuba. Don haka wadda ta ce a rage shekarun ɗauri ba ta ce a halasta haram ba. Ki tambayi malaminku na Islamiyya, zai ƙara miki bayani.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema

Batsari da Safana da Ɗanmusa ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi a Abuja, kuma muna ƙarƙashin sanatan Katsina ta Tsakiya. Ranar zaɓe mu mata ne muke cika layi. Idan suka zo neman ƙuri'a, ban da atamfa da taliya, ga abin da za mu ce musu.

Doka ta faɗi a sarari yawan abin da za a ɗauka na sha ne da wanda za a ɗauka na sayarwa ne, don kada a bar abin ga ra'ayin wanda ya yi kamu.

Wanda aka kama karon farko da ɗan kaɗan, a tilasta masa zuwa magani da ba da shawara, da sa hannun iyayensa da mai unguwa, maimakon gidan yari. Wannan ba baƙon abu ba ne: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 sun riga sun san da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki.

Kada tara ta zama ita kaɗai mafita, don kada mu maimaita abin da talakan Gana ke fuskanta.

Wanda ya kammala magani ya shiryu, a share masa sunansa daga rajistar masu laifi bayan wani lokaci.

A fara samar da wurin magani kafin komai. A ce babban asibitin kowace ƙaramar hukuma yana da ma'aikacin da ya san wannan aiki, ba sai an tafi Katsina ko Kano ba.

Dillali da mai noma da mai kai wa daji kuwa, doka ta yi aikinta a kansu ba sani ba sabo.

Kafin doka ta canja, me za ki yi?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki sa ido a kan canji: jan ido, wari a tufafi, yawan turare ko cingam don ɓoye wari, cin abinci fiye da ƙima, barcin rana, sababbin abokan da ba ya son ki gani, ɓacewar ƙananan kuɗi a ɗaki. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan suka taru, ki zauna da shi.

Kada ki yi masa baki. Na san zafin zuciya, amma bakin uwa kaifi gare shi, kuma yaron da aka kora daga gida hannun dillali yake faɗawa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki samu lokacin da yake cikin hayyacinsa, ki tambaye shi yaushe ya fara, me ya sa, wa ke ba shi. Da yawa daga yaran yankinmu sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, wasu an kashe iyayensu a gabansu, ba sa iya barci. Wani ba iskanci ya kai shi ba, neman mantuwa ne.

Kada ki ɓoye wa mahaifinsa ko kawunsa don gudun faɗa. Ɓoyewar ce ke ba abin lokaci ya yi jijiya.

Ki nemi taimakon asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma kina iya farawa daga asibitin da ke kusa da ke su tura ku gaba. NDLEA ma tana da layin kira kyauta, 0800 1020 3040, inda ake ba da shawara a asirce. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne.

Ki yi hattara da gidajen mari. Ba mu manta da abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, da kuma Daura da Katsina a watan Oktoba na shekarar, inda aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyayen da suka kai su gyara suke nema, ba azaba ba. Addu'a da ruƙiyya suna da wurinsu, amma duk inda za a hana ki ganin ɗanki, kada ki bar shi a can.

Idan kuma an riga an kama shi, ki fara sanin wace hukuma ce ta kama shi da inda yake. Ki tafi da namiji babba na gida. Kada ki miƙa kuɗi ga duk wanda ya tare ki a bakin ƙofa ya ce zai "gyara magana", yawancin dukiyar iyaye mata a nan take salwanta. Yana da haƙƙin ganin lauya, kuma kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Idan ba ku da hali, ku nemi ofishin hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta gwamnatin tarayya a Katsina. Idan bai kai shekara 18 ba ki faɗa tun farko, ki kai shaidar haihuwa ko ta makaranta, domin shari'ar yaro daban take da ta babba.

Ki kuma ja kunnen wanda ba ya sha: kada ya riƙe wa aboki ƙunshi, kada ya ɗauki saƙon da bai san abin da ke ciki ba, musamman masu kabu-kabu. A gaban doka, abin da aka samu a hannunka naka ne sai ka yi bayani.

Ita 'yar uwar tawa, a ƙarshe wani kawun yaron ne ya ɗauke shi ya kai shi asibiti, sannan ya sa shi koyon gyaran babur. Yau da sauƙi, gobe a koma baya, amma ana tafiya. Keken ɗinkin dai har yanzu ba ta mayar ba. Takan ce mini, "Yaya, da tun farko asibitin aka kai shi, da awakina suna nan."

Ke fa, mene ne ra'ayinki? Idan ɗan maƙwabciyarki ne, me kike so a yi masa? Idan naki ne fa? Ki rubuta mana a ƙasa, amma don Allah kada a ambaci sunan kowa ko unguwarsu, rufin asiri ya fi komai. Wadda kuma ta taɓa bin wannan hanya ta ga haske, ta taimaka wa 'yan uwa da yadda ta yi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga miyagun abokai, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.